Daga Bakin Allo: Yaron da Muka Kama da Waya, da Zancen Koyon Zane

A wannan karo za mu ɗan ajiye zancen kuɗin jarrabawa da muka faro a fitowar da ta wuce, saboda wani abu da ya faru a ajinmu, wanda muke ganin ya shafi gidaje da yawa a nan Kumasi da sauran zangunanmu.

A tsakiyar zangon karatun da ya ƙare, muna cikin darasi, sai muka hangi wani yaro ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare ya sunkuyar da kai ƙarƙashin tebur, yatsansa na ta kai da kawo. Kowa ya san dokar makaranta game da waya, don haka muka miƙa hannu, shi kuma ya ba mu ba gardama. Mun zaci wasan ƙwallo za mu tarar ko kuwa hira da abokai. Abin da muka gani a fuskar wayar shi ne hoton matar nan mai sayar da waakye a bakin ƙofar makaranta, da tukunyarta, da ganyen da take naɗe abinci, har da yadda take karkatar da ɗankwali gefe guda. Ba da kyamara ya ɗauka ba. Da yatsa ya zana ta, a kan tsohuwar wayar yayarsa mai tsagaggen gilashi.

Washegari mahaifinsa ya zo, dattijo ne mai sayar da kayan gyaran mota a Suame. Bayan gaisuwa sai ya ce, "Ticha, don Allah ka riƙe wayar nan har ƙarshen shekara. Yaron nan ba ya komai sai zane-zanen banza." Muka ce, "Alhaji, laifin shigo da waya aji ya yi shi, kuma zai karɓi horonsa. Amma a zo a duba abin da ya zana tukuna." Ya duba, ya yi shiru, can ya ce, "To, wannan zai ba shi abinci?"

Tambayar Alhaji ita ce ta sa muka ɗauki alƙalami, domin tambaya ce ta gaskiya, kuma ta cancanci amsa ta gaskiya.

Waɗanda suka kai shekarunmu za su tuna zamanin gidajen bidiyo, daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa cikin na 1990, lokacin da ake yawo da talabijin da na'urar kaset da janareta ana nuna fim unguwa-unguwa. Tallan fim ɗin da hannu ake zana shi, da fenti, a kan buhunan fulawa da aka ɗinke wuri guda. Masu zane irin su Joe Mensah sun yi suna da wannan aiki, kuma sau da yawa hoton tallan ya fi fim ɗin ban tsoro. Mu da kanmu mun sha tsayawa a gaban irin waɗannan buhuna da kwanon aike a hannu har a biyo sawunmu daga gida. Haka kuma allon aski, da sunan shago, da rubutun bayan tirotiro, duk aikin masu buroshi ne. Da injunan buga manyan hotuna suka shigo, sai wannan kasuwa ta ja baya. Buhunan nan yanzu masu tara kayan tarihi a Amurka da Turai ne ke sayensu. Amma buƙatar hoto ba ta mutu ba, ƙaruwa ma ta yi. Wanda ya zaga Asafo a nan Kumasi, ko New Town a Akra, inda maɗaba'u suke jere, zai ga katin aure, da na suna, da kalandar ƙungiya, da kyallen Maulidi, da tambarin mai sayar da sobolo, da hoton ɗan takara, duka suna fitowa daga kwamfuta. Aikin yana nan, hannun da ke yinsa ne ya koma kan wani allo dabam. Abin da ya dame mu shi ne, in ka shiga waɗannan shaguna, yaranmu na Zango ba su da yawa a kan kujerar mai tsara hoto. Galibi mu ne masu kawo aiki mu biya.

Ga kuma zancen makaranta. A sabon tsarin karatu na ƙaramar sakandare akwai darasin fasaha da tsara zane, akwai kuma na kwamfuta, kuma tun 2024 ana rubuta su a jarrabawar BECE. Wanda ya wuce gaba, akwai sashen fasahar zane a babbar sakandare, akwai kuma kwalejin fasaha a jami'ar KNUST da ke bayan gidanmu. Saboda haka abin da Alhaji ya kira zanen banza, gwamnati ma maki take ba shi.

To, me ake buƙata kafin a fara? A nan ne mutane da yawa ke karaya tun ba su tambaya ba, don sun ji ana cewa sai da Photoshop da kwamfuta mai tsada. Photoshop dai babbar manhaja ce, ta fito tun 1990, amma tun 2013 kamfanin Adobe ya mai da ita ta haya, wata-wata ake biya da kuɗin waje. Procreate da ake yawan gani a bidiyon masu zane, a kan iPad take aiki, wanda ba kowane gida ke da shi ba. Mun san abin da ake yi a gari, wato a kai kwamfuta wurin mai gyara ya zuba kwafin sata. Mu malamai ne, ba za mu ba da wannan shawara ba, balle ma irin waɗannan kwafi sukan zo da ƙwayar cuta da ke lalata na'ura. Kuma babu dalilin sata alhali ga halal kyauta. Akwai Krita, wadda masu sa kai daga ƙasashe dabam-dabam suke ginawa, an yi ta ne musamman don zane da fenti, ba a biyan ko pesewa, kuma da zarar an sauke ta ba ta neman intanet. Sunan ma a harshen mutanen Suwidin yana nufin alli, abin da ya sa mu masu cin abinci da alli muke jin ta kamar 'yar gida. Akwai GIMP, wadda ɗalibai biyu na jami'ar Berkeley a Amurka suka fara a 1995, ta fi ƙarfi wajen gyaran hoto. Wanda kuwa waya kaɗai gare shi, akwai ibisPaint ta mutanen Japan, ita ce yaron namu yake amfani da ita. Tana da tallace-tallace masu damun mutum, amma tana aiki a kan ƙaramar waya, kuma tana naɗe yadda aka yi zanen tun daga layin farko, ta yadda malami zai iya komawa ya ga inda ɗalibi ya kauce.

Game da abin riƙewa a hannu, yatsa ya isa a fara. Bayansa akwai alƙalamin roba mai arha da ake samu wurin masu kayan waya. In an samu hali, sai allon zane, wani faifai ne da ake haɗawa da kwamfuta, ana rubutu a kansa da alƙalaminsa, zanen yana fitowa a fuskar kwamfutar. Wacom ne tsohon suna a wannan fanni, amma Huion da XP-Pen sun fi sauƙin kuɗi kuma suna biyan buƙatar mai koyo. Amfanin wannan allo shi ne yana jin nauyin hannu: ka danna, layi ya yi kauri, ka sassauta, ya sirance, kamar dai alƙalamin kara a hannun ɗan makarantar allo. Sai dai mu gargaɗi mai saye, makon farko akwai ɓacin rai, domin hannu yana ƙasa ido yana sama, kuma sai an ɗauki kwanaki kafin su saba da juna. Mu da muka gwada da girmanmu, da'irar farko da muka zana ta fi kama da doya.

Yanzu bari mu tsaya a kan abu ɗaya da muke ganin shi ne ƙashin bayan wannan sana'a, wanda in yaro ya gane shi ya gane rabin aikin. Yaran suna ce masa leya, mu kuwa za mu kira shi falle. A ɗauka kana da fallayen leda masu garai-garai, ka jera su ɗaya bisa ɗaya. A na ƙasa ka yi zanen gwaji, da layuka barkatai, kana neman siffa. Sai ka dusashe shi, ka ɗora sabon falle, ka bi da layi mai tsabta. A ƙarƙashin wannan layi ka saka wani falle na launi, ja a nan, shuɗi a can, ba inuwa ba haske. Sa'an nan wani falle dabam don inuwa, wani don haske, wani don abin da ke baya, ko bango ne ko kasuwa. In ka duba daga sama hoto ɗaya kake gani, amma kowane falle zaman kansa yake yi. Idan mai katin aure ya dawo ya ce amarya ta fasa kore, ruwan hoda take so, ba sai ka yaga aikin kwana uku ba, fallen launi kaɗai za ka taɓa. Photoshop ma sai a 1994 ta samu wannan dabara, yau kuwa ga ta a wayar yayar ɗalibinmu. Mu da muka yi kwalejin horon malamai muna zana zuciya da huhu a kan kwali da maka, mun san abin da kuskure ɗaya yake jawowa: sabon kwali, sabon dare.

Kuskuren da muka fi gani wurin masu koyo shi ne su yi komai a kan falle ɗaya, sai an zo gyara a rasa yadda za a raba riga da fata. Na biyu, su tara fallaye hamsin ba suna, su kansu su ɓace a ciki. A sa wa kowane suna, ko da Hausa ne: layi, fata, riga, inuwa. Wajen inuwa akwai wani saiti mai suna Multiply, wanda ke sa launin sama ya duhunta na ƙasa ba tare da ya rufe shi ba. A zaɓi launi ɗaya mai ɗan sanyi, a yanke shawara daga wane gefe rana take, a tsaya a kan haka har ƙarshe. Yara suna son sa inuwa da baƙi wuluk, sai fuskar mutum ta fito kamar ya kwana a gidan gawayi.

Buroshi kuwa, kowace manhaja tana zuwa da su da yawa, kuma nan ne tarkon yake. Yaro zai ɓata sati yana gwada buroshin ciyawa da na hayaƙi da na taurari, bai zana ko kofi ba. Shawararmu ita ce uku sun isa wata shida na farko: mai kama da fensir, mai kama da tawada, da mai laushi na shafa launi. Wanda hannunsa ke rawa, akwai saitin da ke daidaita layi, a kunna shi kaɗan, kada a ƙure.

Sai maɓallin koma-baya, wanda ke goge abin da ka yi yanzun nan. Ni'ima ce babba, don yana cire wa yaro tsoron kuskure, kuma tsoron kuskure shi ne ke kashe yawancin masu zane tun suna firamare. Amma mun zauna kusa da ɗalibin namu mun ƙirga, layi ɗaya na haɓar mutum ya ja shi ya goge fiye da sau ashirin, yana jiran sa'a ta kawo masa daidai. Wannan caca ce, ba koyo ba. Dalilin da ya sa layin ya ƙi shi ne bai kalli haɓar da kyau ba tun farko. Manhaja tana ba da launi da ba ya ƙarewa da takarda da ba ta yagewa, amma ba ta koya wa ido gani. Don haka muka ɗora masa abin da aka ɗora mana a kwaleji: littafi mai arha da biro, ba fensir ba, don kada ya samu abin gogewa. Kullum minti goma sha biyar, ya zana abin da ke gabansa. Buta, takalmi, hannun kakarsa tana jan carbi, akuya a kwance. Ya fara da neman akwati da ƙwallo da gwangwani a cikin kowace siffa, domin buta gwangwani ce da aka sa wa wuya, kan mutum kuma ƙwallo ne da aka ɗaura wa muƙamuƙi. Bayan wata biyu, da ya koma kan waya, goge-gogen ya ragu da kansa.

Akwai wata 'yar dabara da ba ta cin komai: a riƙa juya hoton hagu zuwa dama lokaci-lokaci. Ido yakan saba da karkata har ya daina ganinta, amma da an juya sai ka ga ido ɗaya ya hau sama, hanci ya nufi Tamale.

Kada mu manta da ranar kai aiki maɗaba'a, don a nan ne kuɗi ke shiga ko su zube. Hoton kwamfuta ɗigo-ɗigo ne, kuma in ɗigon bai da yawa, da an faɗaɗa shi sai ya dagargaje. Mai son buga cikakken shafin A4 da kyau, ya buɗe fili mai ɗigo 300 a kowane inci, wato 2480 a faɗi da 3508 a tsawo, tun kafin ya ja layin farko, domin ba a ƙara wannan daga baya. Na biyu, fuskar waya da haske take haɗa launi, ja da kore da shuɗi, inji kuwa da tawada huɗu yake bugawa, don haka koren nan mai walƙiya da ka gani a waya zai fito a dusashe a kan takarda. A nemi a buga gwaji ɗaya kafin a ce a buga ɗari biyar. Na uku, WhatsApp yana matse hoto in an tura shi a matsayin hoto, sai a tura shi a matsayin takarda. Wani abokin aikinmu ya koyi wannan da tsada, ranar da kalandar makarantarsu ta fito fuskokin malamai kamar an shafa musu koko. Tambarin shago da manyan haruffa kuwa, waɗanda za a buga ƙanana a kati kuma manya a kyalle, an fi yin su da irin su CorelDRAW da ma'aikatan maɗaba'a suka saba da ita, ko Inkscape wadda take kyauta, don su da lissafin layi suke aiki, ba da ɗigo ba. A riƙa adana aiki a kai a kai kuma. Wanda ya rayu a dumsor na 2015 ba ya buƙatar a yi masa bayani.

Mun san akwai iyayen da damuwarsu ba ta abinci ba ce, ta addini ce, wato hukuncin zana abu mai rai. Magana ce da malamai suka yi bayani a kanta tun da daɗewa, kuma akwai saɓani a wasu rassanta. Fatawa ba aikin wannan fili ba ne, kowa ya koma wurin malaminsa. Abin da za mu ce kawai shi ne, ko an ajiye mutum da dabba gefe, filin yana da faɗi. Zayyanar da ake yi wa allon mai saukar Alƙur'ani zane ce. Aska takwas a ƙirjin babbar riga zane ce, haka adon hula, haka lallen amarya. Krita tana da madubi wanda in ka ja layi a dama zai fito a hagu, tana da wani buroshin da ke maimaita layi sau shida ko takwas kewaye da tsakiya, tana kuma iya jera zane ya maimaitu ba tare da an ga mahaɗi ba, irin na atamfa. Wata ɗalibarmu da ke taya mahaifiyarta yin lalle, da muka nuna mata wannan, cikin awa ɗaya ta fitar da samfuri biyar da za ta nuna wa masu zuwa gida su zaɓa. Yaran ɗinki da ke zaune a Aboabo da Asawase suna kwafar samfurin wasu daga waya, su ma wannan ƙofa a buɗe take gare su.

Wani zai ce, ai tun 2022 akwai na'urorin da kake rubuta musu magana su fitar maka da hoto, me ya rage wa mai zane? Mun gwada ɗaya. Muka ce ta ba mu dattijon Zango da babbar riga a ƙofar masallaci. Ta ba mu wani balarabe a cikin hamada, da rubutu a bango mai kama da Larabci amma ba harafi ɗaya da ke karantuwa. Za su ƙara ƙwarewa, ba mu musa ba, kuma za su cinye wani kaso na ƙananan ayyuka. Sai dai mai waakyen ƙofar makarantarmu da karkataccen ɗankwalinta, sai wanda ya tsaya gabanta da kwano ne zai iya fitar da ita. Littattafan da yaranmu ke karantawa, da wuya ka buɗe ka ga gida irin nasu, ko makarantar allo, ko ranar hawan Sallah a Zango. In muna son ƙananan littattafan Hausa na yaranmu, da hotunan da za su gane kansu a ciki, to daga cikin yaran nan mai zanen zai fito.

Mu koma ga Alhaji. Mun yi yarjejeniya mu uku. Waya ba ta ƙara shiga aji. Yaro zai karɓe ta bayan la'asar in ya gama aikin gida da karatun allo, awa ɗaya, ban da dare, saboda ido da barci. Littafin biro kuwa zai kawo mana duk ranar Litinin mu duba. Makin lissafinsa in ya sauka, yarjejeniya ta warware. Da bikin yayarsa ya matso, mai wayar ke nan, sai ta ce shi zai tsara katin. Ya yi shi da adon zayyana a gefe, ba hoton kowa, aka kai Asafo. Na farko ya fito da duhu, ya koma ya gyara fallen launi, na biyu ya yi. Alhaji da kansa ya kawo mana namu katin har makaranta, ya ce, "Ticha, mai injin ya tambaya wa ya yi, wai in yaron ya samu hutu ya riƙa leƙowa." Muka ce sai dai bayan jarrabawa.

Akwai tsofaffin kwamfutoci biyu a ɗakin malamai da muka zuba wa Krita, kuma shugaban makaranta ya yarda a buɗe ɗakin ranar Asabar daga ƙarfe goma zuwa azahar. Yaro ko yarinyar da ke so, ya zo da izinin iyaye, da littafi, da biro. Wanda kuma yake da tsohon allon zane da ya ajiye ba ya amfani da shi, ya miƙa wa ofishin wannan mujalla, za su sada mu. Zancen kuɗin jarrabawa sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.